Zargin da Na Yi wa Dija Mai Fage

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Ranar Talata da hantsi, sha ɗaya ga watan Safar na shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in da ɗaya, ana tsakiyar yankan gero, Allah Ya karɓi ran Dija 'yar Magagi a ɗakinta nan Filinge, bayan tari na wata bakwai. Ni Malam Kailu, ɗan gwaggonta kuma taubashinta, nake rubuta wannan. Na tsaya a sahun sallarta, amma duk kwanciyar da ta yi ban taka ƙofarta ba ko sau ɗaya, dalilin haka kuwa shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Dija, kin san halina tun muna yara. Ke kika laƙaba mini Malam Zato, kina cewa ko fura aka miƙo mini sai na leƙa gindin ƙwaryar kafin in sha. Ban taɓa musawa ba. Zamanin nan ma ya ƙara mini, don tun da Annasara ya kafa barikinsa ya zuba gardawa masu tsaro da tafinta, mutum ba ya sanin kunnen da ke bayansa a kasuwa ko a masallaci.

Duk ƙasar Kurfai an san ki da kokawa. Tsofaffi sun shaida cewa a lokacin 'yan matancinki, daga Tabla har Bonkuku, ba wadda ta kai gwiwarki ƙasa. Da girma ya zo sai kika buɗe wa 'yan mata fage a rairayin da ke gangaren rijiya, ƙarƙashin itatuwan gawo. Kowace kaka, bayan la'asar, sai a kifa ƙwarya a ruwa a soma kiɗa, ke kuma kina tsaye da tsohuwar ɗamararki ta saƙi. Dokokinki ba su da yawa. Ba a yi wa wadda ta faɗi dariya, wadda ta yi kaye ita za ta ɗaga 'yar'uwarta ta kakkaɓe mata baya. Kuma ba mai kama ƙugun wata sai ta tsaya tsakiyar fage ta faɗi sunanta da ƙarfi, har masu ɗebo ruwa su ji.

Da farko ban so abin ba, na ce miki wasa ne na maza. Kika ce wadda ke jan guga gaba ashirin ta daka dame guda kafin rana ta take, ba za a ce mata ba ta da ƙarfin wasa ba. Sai na ce zan duba littafi.

Sai ga al'amarin ɗiyata Haske. Bayan rasuwar uwarta yarinyar ta koma kamar inuwa, in an yi mata magana sai ta dubi yatsun ƙafarta. Kika zo kika kama hannunta ba tare da kin tambaye ni ba. An gaya mini yammaci uku tana tsayawa tsakiyar fage ta kasa furta sunanta, ke kuma kika hana kiɗa, kika hana kowa motsi, kuna jira. A na huɗu ta faɗa. Kaka biyu bayan haka babu mai kayar da ita, tana tafiya kai a ɗage, har ta iya dubana ta ce, "Baba, ba haka ba na." Na ji haushi a fili, amma a zuciya daɗi ya kusa kashe ni.

Bara bayan kaka aka ce kumandan bariki zai yi bikinsu na Annasara, yana son a kawo masa 'yan mata masu kokawa ya gani. Nan take na ce a raina akwai wata a ƙasa. Lokacin ana ɗibar mutane aikin tilas na hanyar Yamai, ana neman mata masu ƙarfi su yi daka su ɗebo wa ma'aikata ruwa. Wa ya gaya wa bariki akwai fage a gangaren rijiya? Annasara bai taɓa sauka can ba. Na ce da ɗan gari akan ci gari, na shiga lissafa mutane a raina. Sai aka ce mini an gan ki sau biyu kina fitowa daga bariki, Ibrah tafinta yana rako ki har bakin ƙofa.

Ranar bikin na ga abin da ban gane ba. 'Yan matan da na san suna tashin ƙura suka riƙa faɗuwa tun kafin a kama su, wannan na tari, waccan na ɗingishi. Mazan Kurfai suka sunkuyar da kai don kunya, gardawa na ta ƙyaƙyata dariya. Sai Ibrah ya ɗaga murya ya ce, "Ina wadda anka ce ba a kada ta? Ina Haske?" Gardawa suka turo wata ƙatuwar mace mai yi musu daka ta shiga fage tana yi wa Kurfayawa gori. Na ga kin riƙe zanen Haske, ta fizge. Ta tsaya tsakiya ta faɗi sunanta yadda kika koya mata, ta kama matar, kafin a ƙifta ido ta shimfiɗe ta, sannan ta ɗaga ta ta kakkaɓe mata baya. Gari ya ɗauki guɗa, ni ma na manta rawanina na yi ihu. Bayan kwana uku gardi ya tsaya a ƙofata ya kira sunanta, aka tafi da ita aikin hanya.

Tun daga ranar na yanke miki hukunci. Na ce ke kika kai sunanta, riƙon zanen nan kuwa wasan ido ne. Na faɗa a zaure, na faɗa a bakin masallaci, iyaye suka janye 'ya'yansu, fage ya mutu. Da aka ce kin ɗaura kayanki kin bi su sansanin hanya da ƙafa, ba wanda ya kira ki, sai na ce kin je karɓar ladanki. Wata uku kika yi can. Haske ta dawo da ƙafafu duk faso amma da mutuncinta, ke kika dawo da tari. Ta gaya mini ke kike ɗaukar tulunta in ta gaza, ke kike kwana a bakin bukkarsu da taɓarya a hannu. Ta ce kiran ki aka yi bariki aka tilasta miki, ke kuma kika umarci 'yan mata su yi ragwanci don kada a zaɓi kowa, ita ce ta kasa haɗiye gorin. Na saurara, na ce an dai koya mata abin da za ta faɗa.

Kin aiko mini sau biyu kina kwance. Na farko kika ce a gaya wa Malam Zato furarsa na jira, ya zo ya leƙa gindin ƙwaryar. Ban je ba, na biyun ma ban je ba.

Ranar sadakar uku Ibrah ya zo gaisuwa. Ya zauna kusa da ni ya ce, "Malam, Allah shi jiƙanta. Matar ga ta ba mu wahala. Sau biyu ina tambayatta gwanarsu, ta ce duk ɗiyanta ragwaye na. Ba don ka hwaɗi ran kasuwa wurin masu goro cewa ɗiyakka ta kada kowa ba, da ba mu san da Haske ba, balle fagen."

Na tuna ranar sarai. Lahadi ce, ina zaune kan buhu, ina ba da labarin kayen Haske har da kwaikwayo, ban ko waiwaya ba. Ni da ke zargin kunnen kowa, ban taɓa zargin bakina ba. Baki shi ke yanka wuya, amma nawa wuyan wasu ya yanka. Na koma gida na tambayi Haske ko kin sani. Ta ce, "Ta sani, Baba, tun ranar. Ta ce kar a hwaɗa maka, kai ba ka iya ɗauka, ita ta iya."

Har yanzu ban san abin da ya kawo Ibrah ba. Ko tausayi ne, ko so yake ya ji in za a sake buɗe fage, Allah Ya bar wa kansa sani, ni dai ban amince masa ba. Amma kin bar wa Haske ɗamararki, jiya kuma ta nemi izinina ta tara 'yan mata in an gama ɗaurin dame, na ba ta. Na bi gidajen da na ɓata sunanki ɗaya bayan ɗaya na faɗi gaskiya, gida tara sun ce za su turo 'ya'yansu. Inda za a yi fagen ba zan rubuta a nan ba, ba kuma za a ji shi a bakina wurin masu goro ba.

Allah Ya jiƙan ki, Dija, Ya yalwata kabarinki, Ya sa tulunan da kika ɗaukar wa 'ya'yan mutane su zame miki sanyi ranar ƙishirwa. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta Buba, da ɗanta Issa, da ɗiyarta Muna, da duk macen da ta fara faɗin sunanta da ƙarfi a gabanta. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Wanda aka karanta wa wannan ya yi mata addu'a, ya kuma roƙa mini gafara, don ta kira ni sau biyu in zo ta yafe mini ban je ba.