Ruwan da ka aika tudu

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, kafin a kira azahar, Allah ya karɓi ran mahaifina, ma'aikacin hukumar ruwa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa yana raba wa garinmu ruwan famfo. Na Allah ne mu duka, can kuma muka nufa, shi dai ya riga mu isa. An yi masa sutura da yammacin ranar, saura 'yan watanni ya yi ritaya.

Baba, ƙannena sun ce ni zan rubuta wannan, wai don ni ce mai baki a gidanmu. Ban musa ba, kai ma ka sha faɗa mini haka. Amma ina ganin akwai dalilin da ya fi wannan. Ni kaɗai ce cikin 'ya'yanka da aka haifa a kwari, aure ya kai ta tudu. Da kunnena na ji zagin da ake yi maka a ƙasa, da kunnen nan kuma na ji albarkar da ake sa maka a sama, duk a kan aiki ɗaya.

Wanda bai san garinmu ba sai na ɗan kwatanta masa. A jikin gangare aka gina shi. Kasuwa da tasha da tsofaffin gidaje suna kwari, inda ƙasa ta kwanta. Daga nan titi yake fara hawa, ya wuce injin niƙa, ya wuce makarantar firamare, sai kwalta ta ƙare, a shiga duwatsu da zaizayar ruwan sama, har a kai gidajen ƙarshe da marasa hali suka gina a can ƙololuwa saboda fili ya fi araha. Babban bututu ɗaya ne yake shigo mana da ruwa, ya rabu biyu a tsakiyar gangaren, reshe ɗaya ya yi ƙasa, ɗaya ya yi sama. Ruwan bai isa kowa a lokaci guda ba. Idan aka bar hanyoyin biyu a buɗe, gaba ɗayansa kwari yake gangarawa, mutanen tudu su wuni suna murɗa famfo yana busa musu iska. Sai an rufe reshen kwari ruf sannan ruwa yake taruwa ya yi ƙarfin hawa.

Rufewar nan ita ce aikinka. A bakin titi akwai rami mai marfin ƙarfe, a cikinsa makunnin da ke rufe reshen kwari yake. Kana idar da sallar asuba za ka saɓa dogon makullinka na ƙarfe a kafaɗa, ka je ka ɗaga marfin, ka zura shi, ka yi ta juyawa har ruwan kwari ya ɗauke. Sai bayan azahar kake buɗe musu. Ofis raba ruwa kawai ya ce ka yi, bai ce ka bi shi ba. Amma kai idan ka rufe, sai ka kama hawa da ƙafa, kana tsayawa ƙofa ƙofa kana tambaya ko ya iso. Kakan ce inda gwiwarka ta fara ƙorafi, nan shi ma ruwan yake fara gajiya, don haka dole ka raka shi. Ba ka juyowa sai ka kai gidan ƙarshe, gidan wata tsohuwa da idonta ya tafi, ka ji famfonta ya yi tari ya kawo.

Abin da mutane da yawa ba su tsaya sun duba ba shi ne, gidanmu a kwari yake. Famfon farko da kake busarwa kowace safiya na Inna ne. Mun tashi muna ganin matar mai ruwa tana lallaɓa buta ɗaya ta wanke mu kafin makaranta. Idan haƙurinta ya ƙare takan ce, "Malam, ni dai na auri mai ruwa don in huta, ashe mai rufewa na aura." Kai kuma ka yi dariya ka ce, "To ai da yamma mai buɗewa zai dawo, sai ki yi hira da shi." Wani abokin aikinka ya taɓa zuwa har gida ya ce zai ja mana siririn bututu ta bayan makunnin, yadda namu ba zai riƙa ɗaukewa ba. Ka ba shi wurin zama, ka ba shi ruwan randa ya sha, ka raka shi ƙofa. Inna ta yi kwanaki ba ta yi maka magana mai daɗi ba, mu ma muna bayanta.

A makaranta 'ya'yan Malam Kulle ake ce mana, don sunan da kwari ta sa maka ke nan. Na yi dambe a kan sunan nan har ban san iyaka ba, kuma yawanci ni ce a sama. Ranar da na dawo da rigar makaranta a yage na faɗa maka dalili, sai ka tambaye ni ko yarinyar da ta kira ni haka ƙarya ta yi. Na ce a'a. Ka ce to a kan me na doke ta? Haushin wannan amsa bai sake ni ba sai da na girma.

Babban mai yi maka ihu shi ne maƙwabcinmu mai wanki da guga. Sana'arsa da ruwan safe take tafiya, kai kuma kullum kana yanke masa shi a daidai lokacin da ya jiƙa kayan mutane. Yakan fito da kumfa har gwiwar hannu yana ɗaga murya: "Malam Kulle, Allah zai tambaye ka! Kayan amarya ne fa a cikin bahon nan!" Kai kuma ba ka ko rage tafiya, sai ka ce, "Zai tambaye ni na sama ma, maƙwabci." Da yamma kuma a gan ku a benci ɗaya kuna sauraron rediyo, yana goge maka rigar aiki kyauta yana ci gaba da mita. Akwai ranar da wasu suka cika ramin makunnin da yashi da duwatsu don ka kasa rufewa. Ka durƙusa a bakin titi da hannu kana tonewa, mutane na wucewa suna kallo. Mai wanki ne ya kawo maka shebur, yana cewa ba don kai ya kawo ba, don kada a ce a unguwarsu aka wulaƙanta dattijo.

Sai da na koma tudu na san abin da kake yi. A can ba Malam Kulle kake ba, Baban Ruwa ne. 'Yan ga-ruwa ba sa hawa da kurarsu wurinmu, don ko sun tura ta sama ba za su iya riƙe ta a gangara ba. Motar tanki a makarantar firamare take juyawa. Ranar da famfo bai kawo ba, mace ce za ta naɗa gammo ta sauka har kwari, ta roƙi ruwa a gidan mutane, ta hau da jarka a ka, numfashi na fita da ƙyar. Da safe idan mata suka hango hularka ta ɓullo daga bayan injin niƙa, sai ka ji ana jan bokitai ana kiran yara. Tsohuwar gidan ƙarshe kuwa da ƙarar makullinka a kan duwatsu take gane ka. Kullum sai ta ajiye maka kujera, kullum kuma sai ka ce sauri kake yi, sannan ka zauna.

Sau ɗaya ka taɓa barin aikin nan, lokacin da aka yi maka tiyata aka kwantar da kai a asibiti. Aka turo wani ya riƙe maka. Ban riƙe shi a zuciya ba, baƙo ne, ya zo rufewa ya ga jama'a sun kewaye shi ana hayaniya, ya ji tsoro ya bar makunnin a buɗe. Tudu ta bushe ƙaf. Ina da tsohon ciki na biyu a lokacin, maigidana yana wurin aikinsa a wani gari. Na sauka kamar kowa. A hanyar dawowa, wajen da zaizaya ta cinye gefen hanya, dutse ya goce a ƙarƙashin ƙafata, na faɗi. Ni na tashi, abin da ke cikina bai zo da rai ba. Namiji ne.

An ɓoye maka, amma ka ji. Ka baro gadon asibiti ɗinkin bai kame ba, likita na faɗa, Inna na kuka. Washegari da asuba aka gan ka a bakin ramin, hannu ɗaya dafe da ɗinkin, ɗaya a makulli. Ka hau har ɗakina, ka zauna a bakin ƙofa. Da famfon tsakar gida ya kawo, sai ka tashi ka cika mini randa da kanka, ka ce, "Allah ya mayar da alheri, uwata." Ba mu sake tayar da maganar ba har ka bar duniya. Amma tun daga ranar ba ka ƙara karɓar hutu ba, ko da zazzaɓi kake sai ka fita. Na san dalili, kuma abin yana yi mini ciwo har yau.

Ranar da za ka rasu ka rufe kamar kullum, ka kama hawa. Ba ka kai ba. Mai injin niƙa ya ce ya ga ka jingina makullin da bango, ka zauna a dandamalin shagonsa ka dafe ƙirji. Ya tambaye ka lafiya, ka ce masa ya aika wani ya duba ko ruwa ya kai gidan tsohuwa. Ita ce maganarka ta ƙarshe da wani ya riƙe. Aka sa ka a mota zuwa asibiti, rai ya yi halinsa.

A cikin rikicewar nan babu wanda ya tuna da makunni. Azahar ta yi ta wuce, kwari na rufe. Da aka kawo ka gida, famfonmu a bushe yake, randar Inna kuma masu zuwa gaisuwa sun shanye ta saboda zafi. Duk layinmu babu mai bokiti biyu cikakku. Mutumin da ya shayar da gari, aka rasa ruwan da za a yi masa wanka. Mai wanki ya fita a guje neman makullin, ni kuwa na zauna a ƙofar ɗakin Inna na kasa ko kuka.

Ban san wanda ya kai labari sama ba. Sai dai muka ji wani yaro a waje yana cewa a fito a gani. Na leƙa. Tun daga ƙarshen kwalta har bakin layinmu mutanen tudu ne a jere suna saukowa, mata da jarkoki a ka, maza da bokitai a hannu biyu, yara da butoci. Tunda aka kafa garin nan sama ake kai ruwa a ka, ban taɓa ganin an sauko da shi ba sai ranar. A can baya ga tsohuwar gidan ƙarshe, jikarta na riƙe da hannunta, ita kuma ta rungume ɗan galan a ƙirji. Shekarunta nawa rabonta da sauka, amma ta ce ba za ta ba kowa saƙon ba.

Daidai nan mai wanki ya dawo da makullin yana haki, ya ce bari ya je ya buɗe. Inna ta ɗago kai ta ce, "Bar shi tukuna. Da hannunsa ya rufe. A wanke shi da wanda ya aika musu." Mai wanki ya zauna a ƙasa da makullin a cinyarsa, ya rushe da kuka kamar ƙaramin yaro. Da ruwan tudu aka yi maka wanka, Baba. Sai da aka dawo daga maƙabarta aka buɗe wa kwari.

Ina so in ce maka komai yana tafiya yadda ka bari, amma ban saba yi maka ƙarya ba. An turo sabon ma'aikaci. Yana rufewa, ba laifi, mai wanki ma yakan je ya tsaya kusa da shi don kada a tsorata shi. Sai dai yana rufewa ya hau babur ya tafi, kuma da an fara yi masa waya daga kwari sai ya dawo ya buɗe tun hantsi. Ruwa yana zuwa makarantar firamare ya tsaya. Tun ranar da aka binne ka famfon tsohuwa bai yi tari ba, nawa ma haka. Jiya na shiga ɗaki na tarar da babbar 'yata, jikarka da kake kira amaryarka, tana koyon naɗa gammo da tsohon ɗankwalina. Na fita bayan gida na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Mutanen kwari, ku ne dangina, a cikinku aka haife ni. Kun ga abin da ya sauko muku ranar Laraba. Ina roƙonku ku yi haƙurin rabin wuni, ku bar yaron nan ya yi aikinsa. Wanda kuka saba yi wa ihu ya tafi, wannan kuwa ba zai iya ɗaukar abin da shi ya ɗauka ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta yi zaman aure da buta ɗaya ba ta taɓa kai ƙararka ko'ina ba sai wurinka. Ina yi wa ƙannena, da jikokinka, da abokan aikinka, da maƙwabcinmu mai wanki da ya rasa abokin faɗa. Ina kuma yi wa matan tudu, waɗanda ba wanda ya je yi musu gaisuwa alhali su ma uba suka rasa.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da gwiwoyin da suka gaji. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yafe masa haƙƙin duk wanda ya ɓata wa rai a kan aikinsa. Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka sa kowane ɗigo da ya kai gidan maraya da tsohuwa ya zama nauyi a mizaninsa. Ka ba mu haƙurin rashinsa, Ka kyautata namu ƙarshen. Ka shayar da shi daga tafkin Alkausara, ya sha a zaune, ba sai ya hau ko'ina ba. Amin.