Faifan da Malam Sani ya kawo ƙara

Duk wadda ta ce Baba ya fasa faifaina, ƙarya take yi! Ku ji yadda aka yi yau.

Tunda ba ni da iƙama, wato takardar zama a nan Saudiyya, da sunan maƙwabciyarmu Anti Rabi nake odar kaya. Faifan garmaho na saya, tsohon kiɗan pank na Turawa da aka sake bugawa. Wata biyu ina jira! Mijinta Malam Sani ya ga sunan matarsa, ya farke kwalin. Ya ga hoton samari, gashi a tsaitsaye, riguna a yage. Bayan la'asar sai ga shi a gidanmu, ya riƙo faifan da yatsa biyu kamar mushen ɓera.

"Alhaji, wannan a Makka? A karya shi!"

Na ce, "Malam, ka ji abin da ke ciki ne?"

Baba ya ce, "Ke, rufe mana baki. Me suke faɗa?"

Na ce, "Wai an rushe unguwarsu, ba aiki, ba mai kula su."

Baba ya dubi faifan. Tun da aka rushe gidanmu na unguwar Nakkasa bai taɓa ta da maganar ba. Ya ce, "Kunna."

Na fizge na ɗora a garmaho. Ganga, jita, ihu! Malam ya toshe kunnuwa.

Baba ya ce, "Wannan ai ba waƙa ba ce, ihu ne. Ni ma ranar da buldoza ta zo, haka na so in yi. Halas, magana ta ƙare, Malam, bar mata abinta."

Wallahi gobe zan yi odar na biyu. Kuma da sunan Anti Rabi!