Wasan Yaƙi a Hanyar Gamu

A shekarar da fari ya tsananta ina koleji a Gure. Aka kawo mana wani tsohon sarzan na soja ya riƙa koya mana abin da yake kira wasan yaƙi. Babu bindiga a ciki. Yakan raba mu runduna biyu, ya ba kowacce taswira da tuta da busol, wato 'yar na'urar nan mai allura da ke nuna arewa. Sai ya ɗiga jan alƙalami a kan taswirar, rundunar da ta riga kafa tuta a wurin ita ta ci.

Ni ke riƙe busol. Taswira kuma tana hannun abokina da muke ɗaki ɗaya, ɗan makiyaya, wanda ya tashi da Barbarci, ya tsinci Hausa a kasuwa. Rabonsa da gida tun buɗe makaranta.

Wata safiya ɗigon ya faɗa kan wata rijiya a hanyar Gamu. Abokina ya yi tsalle.

"Ai garinmu ne! Yau za ku sha nono har ku ture."

"Ban da bin hanya," in ji sarzan. "Allura za ku bi."

Muka shimfiɗa taswira a ƙasa, muka juya ta har arewarta ta dace da ta allura. Na ɗauki saiti, na zaɓi wata aduwa can nesa, muka nufe ta. Daga nan na zaɓi wani tudun rairayi. Haka muka yi ta yi, ana raha. Da muka fara wuce mushen shanu, fata manne da ƙashi, rahar ta ragu. Abokina ya tsaya kan wata saniya ya duba shaidar masu ita da ke cinyarta, ya ƙara sauri.

Mun isa kafin azahar. Ba hayaƙi, ba ƙarar daka, ko kare bai yi haushi ba. Na jefa tsakuwa a rijiyar, na ji ta faɗa kan busasshiyar ƙasa. Abokina ya shiga gidansu yana kiran innarsa, ɗaki bayan ɗaki. Mu muna tsaye a waje, tuta a naɗe.

Wani tsoho da ya rage a garin ya fito yana dogara sanda. Suka yi magana da Barbarci, sannan abokina ya juyo.

"Sun yi kudu da abin da ya saura na dabbobi. Ƙanwata ba ta da lafiya lokacin da suka tashi."

Ɗaya rundunar ta iso da ihu, suka gan mu, suka ja suka tsaya. Sarzan ya zo daga baya a kan doki. Da ya ji, ya sauka ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗana, wallahi ban sani ba."

Muka juye wa tsohon ruwan gorunanmu, muka komo ta hanya.

Ranar kasuwa abokina ya hau motar Zinder neman su. Sai bayan damina ya dawo, ya rame. Ya same su, amma yarinyar an binne ta a hanya. Ya ajiye kayansa, ya tambaye ni inda aka kai a darasin lissafi, na zauna na nuna masa.