Tauraron Bai Faɗo Ba

Yayata ba mai sauƙin hali ba ce, kuma ba zan yi mata kwaskwarima don muna ciki ɗaya ba. Tun muna yara ake kiranta Idan-fa, saboda duk abin da aka ce mata sai ta tare mutum da tambaya. Mama ta ce a rufe tukunya kada ƙuda ya faɗa, ita kuma ta ce idan fa ƙudan ya riga ya shiga? Ta sha ranƙwashi a kan wannan bakin nata, bai hana ta komai ba.

Lissafi ta karanta. Daga baya ta samu aiki a wata ma'aikata mai kula da tauraron ɗan Adam, irin wanda ke ɗaukar hoton gonaki da koguna daga sama. Ni gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki nake yi, don haka yadda ta bayyana mini aikin nata zan faɗa. Tauraron yana inda babu tsanin da zai kai, kuma yawancin lokaci ba ya jin muryar masu kula da shi. Dole manhajar da ke cikinsa ta riƙa kula da shi da kanta: in batir ya yi rauni ko wani abu ya ɗau zafi, ita za ta yanke abin da za a kashe da abin da za a bari. Wasu ne ke rubuta manhajar. Aikin Yaya shi ne ta tabbatar da lissafi cewa duk hanyar da manhajar ta bi, ba za ta kai tauraron ga halaka ba. Takan ce in ka gwada abu sau dubu ya yi daidai, abin da ka sani kawai shi ne sau dubu ya yi daidai, na gaba kuma ba ka da labarinsa.

Na taɓa zuwa gyara a ofishinsu. Ɗaki ne marar taga a ƙarshen baranda, su uku a ciki, da farin allo da rubutu ya cinye har gefe, da kujera mai karyayyen hannu da aka ɗaure da waya. Bene na sama ne ke da manyan allunan talabijin da kujeru masu juyawa, can ake kai baƙi. Shekaru ta yi a wannan ɗakin, kuma a shekarun nan tauraron bai taɓa ba kowa ciwon kai ba, shi ya sa ba wanda ya tuna da su.

Rigimar ta taso ne a wata shekara da koguna suka yi ambaliya, ana neman hotuna ido rufe. Tauraron ya tsiri kashe kyamararsa da kansa, ya juya fukafukansa masu cajin batir wajen rana ya yi lamo, domin wata 'yar na'ura a jikin batir tana ce masa zafi ya yi yawa. Injiniyoyin bene na sama suka ce na'urar ce ta lalace, batir lafiyarsa lau. Darakta ya ce a gyara manhajar ta daina sauraronta, layukan rubutu kaɗan ne za a canza. Amma dokar ma'aikatar ta ce ba a aika wa tauraron wani gyara sai Yaya ta sa hannu.

Ta ƙi. Ba wai ta ce na'urar lafiyarta ƙalau ba, ita ma tana zaton ta lalace. Abin da ta ce shi ne duk hujjar da ta gina a kan waɗannan layukan take tsaye, in an taɓa su sai ta sake bin lissafin daga tushe, kuma ta nemi a ba ta lokaci. Darakta ya tara su, ya nuna hotunan mutane a kan rufin gidaje, ya tambaye ta a gaban kowa ko lissafinta ya fi waɗannan rayuka.

“Ranka ya daɗe,” in ji ta, “in tauraron ya mutu gobe, wa zai ɗauki hoton ambaliyar baɗi? Ni ban ce zai mutu ba. Na ce ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Sa hannuna kuwa ma'anarsa na sani.”

Washegari aka sauya dokar, aka ce daga yanzu sa hannun ɗakinsu shawara ce kawai. Aka aika gyaran, kyamara ta tashi, hotuna suka sauko. Babu abin da ya samu tauraron, kuma har yau da nake wannan maganar yana can yana aiki.

Da ya lalace, da an ce ta yi gaskiya, da wataƙila ta huce. Amma lafiyarsa sai ta zama bulala a hannunsu. A baranda ana tambayarta ko sama ta faɗo yau. Wani ya liƙa zanen lema a ƙofar ɗakinsu. Duk da haka ta zauna ta ƙarasa lissafin ba tare da kowa ya sa ta ba, ta kuma gano wata ƙofa da gyaran ya bari a buɗe: in kwamfutar tauraron ta mutu ta sake tashi daidai lokacin da ya shiga inuwar duniya da kyamara a kunne, ba zai juya ya nemi rana ba, batir zai ƙare. Abu ne da zai iya yin shekaru bai faru ba, zai kuma iya faruwa gobe. Ta hau bene ta kai wa Darakta. Bai ko ɗaga kai daga wayarsa ba, ya ce wata nawa ke nan ana aiki lafiya, ta bar neman aljani inda babu.

Ba a jima ba aka rushe ɗakinsu, aka ce yana jawo jinkiri. Abokan aikinta biyu aka mayar da su sama. Ita kuma aka ba ta aikin zagayawa da ɗaliban da ke zuwa ziyara, tana nuna musu allunan talabijin. Ta yi 'yan makonni, ta ajiye musu katinsu na shaidar aiki a kan tebur ta fito.

Gida ma ba a bar ta ta sha ruwa ba. Mijinta mai kemis ne, mutum mai sanyi, haƙuri kawai yake ba ta safe da yamma har kalmar ta fara yi mata ƙaiƙayi. Wata rana muna tsakar gidan Mama ina kwance bayan firjinta ina canza waya, Mama ta ce ita fa ba ta gane wannan fushin ba, abu bai faɗo ba, ai godiya ya kamata a yi. Ko so take ya faɗo?

Yaya ta juya ta dubi Mama, ta ce:

“Eh, Mama. Akwai safiyar da nake tashi ina fatan in ji an ce ya mutu. Abin da na yi shekaru ina tsaronsa kamar ɗan da na haifa. Aikin da suka ƙwace bai ƙona mini rai kamar wannan ba. Su suka mayar da ni mai yi masa mugun fata.”

Mama ta ci gaba da ninke kayan wanki. Ni ma na mayar da kaina bayan firji, raina a ɓace. In na sa wa mutum waya siririya a inda ake buƙatar mai kauri, gidansa bai kama da wuta ba, wannan bai mayar da ni gwani ba. Sa'a ce kawai, kuma kowane mai gyara ya san haka. Amma a can sai aka ɗauki sa'a aka rataya mata lambar yabo, aka kori wadda ta ce sa'a ce.

Yanzu tana koyar da lissafi a wata sakandare. Yara na tsoronta, iyaye kuma na rububin a sa 'ya'yansu a ajinta. Ɗaya daga cikin tsofaffin abokan ɗakinta, wani dogo da suke kira Sanda, ya zo gaishe ta bara. Ta wanke shi tas a kan yadda ya yi gum ranar taro, ya sunkuyar da kai yana murza hula. Da zai tafi ta shiga ɗaki ta ɗauko masa gyaran da zai toshe waccan ƙofar, ashe ta rubuta shi tun tuni. Ta ce ya kai da sunansa, in sun ga nata ba za su karanta ba. Ko an aika wa tauraron ko ba a aika ba, Sanda bai dawo ya faɗa ba, ita ma ba ta kira shi ba.

Kwanaki ina cikin motarta a gidan mai, sai ga Darakta a layin da ke gefenmu. Ya leƙo da fara'arsa, ya ce, “Injiniya, kwana biyu. Tauraronki yana nan lafiya lau.”

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ɗaga gilashi. Ko man ba mu tsaya sha ba, ta ja mota muka fita daga layin.