Bala Ba Shi Da Sarki

Aikin farko yau: yi wa Bala aski, ƙarfe shida.

Bala ƙanena ne, shekararsa talatin da biyu, amma ba ya cin abinci ko tsallaka titi sai da wani. Tun rasuwar Inna yana hannuna. Sau biyu ana ja mini kunne a wurin aiki saboda makara, na uku sallama ce.

Da na ji wani ofishi a Gusau yana tura masu kula da nakasassu gida-gida, sai na ɗauko shi tun daga Tsafe.

Ma'aikacin ya dube shi sama da ƙasa.

"Malam, ina takardar sarkinsu?"

"Wane sarki?"

"Makaho ya kawo ta Sarkin Makafi, gurgu ta Sarkin Guragu. Shi wanga fa?"

"Lalurar ƙwaƙwalwa ce, tun haihuwa. Ga takardar likita."

"Babu gurbinta a fom. Ga ido, ga ƙafa, har ya fi ni ƙiba! Ku dai dage da addu'a."

Bala ya miƙa masa hannu yana dariya. Ni kuwa godiya na yi, muka fito. Godiyar nan ce ke cina har yanzu. Ko da na ɗaga murya da an saurare mu? Ban sani ba.

Jama'a, masu irin lalurar Bala wa zai naɗa musu sarki? Duk mai irinsa a gida ya yi magana.

Gobe:
1. Roƙon maƙwabci ya zauna da Bala zuwa azahar.
2. Isa aiki kafin takwas.
3. Rubuta wa shugaban ofishin takarda. Ba godiya a ciki.