Tsibi Uku na Albasa a Kasuwar Tama

Na ga garuruwa da dama a rayuwata, na sauka a tashoshin da ba na ma iya tuna sunayensu yanzu, amma akwai wata ranar kasuwa a Tama wadda ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Shekaruna goma sha shida a lokacin, kuma sati biyu ke nan da aka sallame ni daga aiki.

Aikin nawa a wani gidan albasa ne a Madawa, inda ake tara kaya kafin manyan motoci su kwashe su zuwa bakin teku. Shekara biyu na yi a can ina tsince albasa ina ɗinke buhu. Wani dattijo, shugaban ma'aikata, shi ya koya mini. A wajensa albasa ba ta zama wuri ɗaya, sai tsibi uku. Ta dama ita ce mai tauri, wadda wuyanta ya bushe sarai, za ta jure doguwar hanya. Ta tsakiya ta kasuwannin kusa ce. Ta hagu kuwa mai ɗanyen wuya ce, wadda in ba ta shiga tukunya yau ko gobe ba, ruɓewa za ta yi ta ja sauran. In ka jefa guda inda ba wurinta ba, ko bayansa ya juya, sai ka ji ɗan yatsa a kunnenka. Shi ya koya mini ɗinkin hula kuma. Buhunmu na Adar ba a rufe bakinsa haka nan. Sai an cika shi ya yi tozo, a ɗora wani yankin buhu a bisa kamar hula, sannan a bi da basilla a ɗinke.

A shekarar da nake faɗi rijiyoyin fadama suka ja baya, kaya suka yi ƙaranci. Wata safiya maigidan ya tara mu ya ce masu iyali za su zauna, mu samari mu yi haƙuri. Ban ga laifinsa ba, ko a ranar. Sai dai na taɓa ganin ma'aikatan gwamnati in sun bar wuri ana ba su takardar shaida, don haka na dage na je na ce masa, "Alhaji, ba a ba ni takarda?"

Ya dube ni ya yi dariya har rawaninsa na motsi. "Takardar mi, ɗana? In rubuta cewa ka san albasa?" Ya miƙa hannu ya ɗauko basillar da nake aiki da ita ya ba ni. "Riƙe wannan. Allah shi ba ka wanda ya fi ni."

Na soke ta a bakin aljihu na kama hanyar ƙauyenmu, kusa da Sabon Gida, ina jin an raina ni.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne kawuna. Yana shirin tafiya cin rani Abijan, ya ce tunda ba ni da aiki zai tafi da ni. Inna kuwa ba ta so ko kaɗan. Wana ya bi wannan hanyar shekara uku da suka wuce, ko saƙon baki ba mu samu daga gare shi ba, kuma ni kaɗai na rage mata namiji tun rasuwar mahaifinmu. Ba ta iya musu da yayanta, sai ta roƙe shi ya ba ni sati biyu. In na samu aiki nan kusa, in zauna. In ban samu ba, in ɗaure kayana.

Na buga ko'ina. A wani gareji a Madawa suka ce yaran da suke da su ma sun yi yawa. A Buza na shiga wani biro, wato ofis, inda aka ce ana neman ɗan aike, mutumin ya tambaye ni da Faransanci ajin da na tsaya a lakkwal, makarantar boko ke nan, na yi masa murmushi, shi ma ya yi mini, aka rabu. Har wajen Keita na kai, inda ake jera duwatsu bisa tudu don tare ruwa. Mai ɗaukar ma'aikata ya kama damtsena ya matsa, ya ce in je in ci tuwo shekara biyu in dawo. Yau harshe biyar nake ji, amma a lokacin ko Hausar ma ƙin fita take in na tsaya gaban babban mutum.

Ranar ƙarshe ta faɗo a kan kasuwar Tama. Na hau bayan wata mota na je, ba don ina da wani shiri ba, don dai kada in zauna gida ina kallon Inna tana ɗinke mini jaka. Da hantsi ina zaune a gindin wata bishiya, wajen masu albasa, sai ga wani tsoho ya iso da raƙumi ɗauke da buhu biyu, fuskarsa rufe da rawani irin na mutanen Ibohamane. Ya durƙusar da raƙumin gaban wata Hajiya mai sayen kaya, wadda ke zaune kan tabarma da lema a hannu. Tun daga nesa na ga ɗinkin hular buhu ɗaya ba na kirki ba ne. Ana sauke shi kuwa zaren ya tsinke, albasa ta watse, ta gangara har ƙarƙashin jakunan mutane.

"Kai yaro, taimaka mini mana," in ji tsohon.

Na tashi na shiga tsinta. Allah ya sani ba ni da wata niyya face in tara masa kayansa. Hankalina ma yana Abijan, ina tunanin ko da gaske ne ruwan teku ba shi da ƙarshe. Ashe hannuna yana nasa aikin. Duk wadda na ɗauka, babban yatsa ya danna wuyanta, ta tafi inda ta dace. Ban farga ba sai da na ji kasuwar ta yi shiru a kusa da ni. Na ɗaga kai, sai ga tsibi uku a gabana, dama da tsakiya da hagu, kuma na hagun ba ƙarami ba ne.

Wanda bai san kasuwanninmu ba ba zai gane girman abin da na yi ba. A Kumasi na ga mai saye ya zazzage buhu har ƙasa ba wanda ya ce uffan. A wajenmu hula ake dubawa, a yi ciniki bisa mutunci, kuma ba a shiga cinikin wani, balle yaro ya baje cikin buhun dattijo a bainar jama'a.

"Wa ya aike ka?" in ji tsohon. "Tarawa na ce ko rabon gado?" Ya juya harshe zuwa Tamajak, yarensu, ya yi ta zuba. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Da na koyi harshen daga baya a Agadas, na gode Allah da ban ji ba ran nan.

Na ce, "Baba, ka yi mini gafara, wallahi hannuna ne."

"To hannun naka ba shi da ubangida?"

Mutane suka fashe da dariya. Hajiya ba ta yi ba. Ta taso ta ɗauki guda daga tsibin hagu, ta danna wuyan, ruwa ya fito. Ta ɗauki ta dama ta juya ta. Sannan ta ce wa tsohon, "Malam, an ba gonar nan ruwa ana gab da cira, ko?"

Tsohon ya dubi tsibin hagu. Ya ce ƴaƴansa ne suka yi cirar, shi yana jinya, kuma ya hana su ban ruwan ƙarshe amma yaran yanzu so suke kaya su yi nauyi. Nan fushinsa ya bar kaina ya koma gida. Hajiya ta ce za ta ɗauki tsibi biyu, na ukun ya kai wa mata masu tuwo a bakin kasuwa, yau ɗin nan za su dafa. Sai ta dube ni. "Mai hannu, ka iya ɗinki ko ɓarna kaɗai ka iya?"

Na zaro basillata. Ban taɓa ɗinka hula mai kyau kamar ta ranar ba. Ta sa ƙafa ta ture buhun ya faɗi, ko guda ba ta fito ba. Ta tambaye ni ɗan wane ne ni, da inda na koya, na faɗa mata. Ta ce motarta biyu aka dawo mata da su daga hanya a bara saboda ruɓa, kuma tana neman mai bin ta ƙauyukan Buza da Keita yana tsince kaya tun a gona. "Amma da sharaɗi," in ji ta. "A bayan rumbu za ka dinga yi, ba gaban mutane ba."

Tsohon da kansa ya cika mini aljihu da albasar hagu, ya ce in kai wa uwata tunda ni na zaɓe ta. Da la'asar na isa gida. Inna ta saurare ni har ƙarshe, ta warware jakar da ta ɗinka, ta yanka albasar nan a miya. Kawu ya ci ya ce ba laifi, washegari ya tafi shi kaɗai.

Abijan ɗin dai na je ta, bayan shekara huɗu, bisa motar Hajiya, da yardar Inna, kuma ina dawowa duk wata. Tun daga nan na ga masu neman aiki a ƙasashe da yawa, kowa rungume da takardu cikin leda, ban kuma raina takarda ba, don na ga amfaninta. Amma abin da ranar nan ta koya mini shi ne, wanda ya sallame ka wurin zama kawai ya karɓe. Abin da hannunka ya koya da kyau yana biye da kai, yana kuma yi maka magana a lokacin da bakinka ya kasa. Shi ya sa nake ce wa jikokina su koyi aiki har ya zauna musu a yatsu. Basillar tana nan cikin akwatina, ta yi tsatsa, kuma har yau ita ce kaɗai takardar shaidar da aka taɓa ba ni.