Kwakwar Ngwali a Filin Pandu

A tsibirin Kibandi mai ƙasa daban ne, mai itace daban. Mutum yakan roƙi maƙwabcinsa ya dasa kwakwa a filinsa, a yi addu'a, a sha gahawa, magana ta ƙullu. Itacen ya zama nasa da na 'ya'yansa muddin yana tsaye. Ranar da ya faɗi, ƙasa ta koma wa mai ita, da duk abin da aka kafa a inuwarsa.

Irin wannan dukiya Ngwali Faki ya gada. Mahaifinsa ya dasa kwakwa a bakin teku, a filin mahaifin Pandu, taubashin Ngwali, ya kafa gida a tsakiyarsu. A nan aka haifi Ngwali, a nan ya koyi hawa da igiya a ƙafa, har ya zama babu itacen da yake gagararsa a ƙauyen. Masu gonaki sukan kira shi ya sauko musu da kwakwa, su biya shi da kwakwa. Ya auri Miza, mace mai ƙarancin magana wadda take tufka igiya da ɓawon kwakwa. Ɗansu namiji ya fita kamun kifi wata shekara bai dawo ba. 'Yarsu Mboje ta yi aure a tsallake, a birnin Tanga, inda mijinta yake tuƙa babur.

Gwiwa ce ta fara sauke Ngwali daga itace, sannan teku ta shiga sauke itatuwan. Ba da ƙarfi ta zo ba. Ta ƙarƙashin ƙasa ta biyo da gishirinta, ganye ya yi ja, 'ya'ya suka riƙa zubewa tun suna ƙanana. Na layin gaba suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. A daidai lokacin ne ƙafafun Miza suka kumbura, Mboje ta zo ta tafi da ita asibiti a Tanga. Ngwali ya raka su bakin jirgi, ya ce zai biyo su da zarar masu otal sun zo.

Wasu mutane ne daga birni, da suka zo da tabarau da igiyar awo, suka zaga filin Pandu, suka ce yashin wurin ya yi musu don gina otal. Mai gari ya faɗa a masallaci cewa in an yi ciniki, duk mai itace a tsaye za a ba shi haƙƙinsa. Ngwali ya riƙe wannan magana da hannu biyu. Da rabonsa zai biya asibiti, ya kama ɗaki a tsallake, ya huta da zaman tsibirin da samarinsa suka watse, aka bar tsofaffi da awaki.

Daga nan ya fara abin da ba a taɓa gani ba a Kibandi, wato shayar da kwakwa. Rijiya ɗaya ta rage mai ruwan daɗi, sauran duk sun koma zartsi. Kullum da hantsi zai bi layin mata da jarkokinsa, ya ɗora a kafaɗa, ya yi ɗingishi har bakin teku, ya zuba a gindin waɗanda suke da sauran rai. Matan ba su raga masa ba. Wata takan tambaye shi ko amaren nasa sun yi wanka yau, wata ta ce gobe ya haɗa musu da sabulu da lalle. Wata tsohuwa kuwa ba da wasa ta yi nata ba, ta ce jikokinta suna shan ruwa da awo, shi yana zubar da shi a yashi. Ngwali ya ci gaba da ɗibar ruwansa. Ya rage nasa sha, ya daina dafa rogo sai dai ya gasa.

Damina ta wuce, wata ta zo, masu otal shiru.

Ana gab da shigar iskar kudu, wadda in ta taso ƙananan jirage ba sa ƙetarawa sai ta kwanta, Mboje ta kira shi a waya. Sai da ya hau tudun makabarta ya samu ji sosai. Ta ce Mama ta daina cin abinci, in an buɗe ƙofa sai ta ɗaga kai ta duba. Ta ce ita ba za ta ce ya zo ba, ba kuma za ta ce kada ya zo ba, ta dai faɗa masa.

Da la'asar ya nufi gidan Pandu. Taubasai ne, tun suna yara suke zagin juna. Ya same shi a kan dakali yana gyaran komar kamun kifi.

"Ga mijin itace," in ji Pandu. "Yau ba girki ne aka sake ka?"

"Gara ni ina da na shayarwa. Kai ko kaza ba ta yarda da kai ba."

Suka yi dariya kaɗan. Ngwali ya zauna, ya faɗi abin da ya kawo shi. Yana so ya je ya ga Miza, amma in ya tafi babu mai zuba ruwa, kafin iska ta kwanta itatuwan sun bushe. Ko dai Pandu ya yarda a gaban mai gari cewa ko sun faɗi rabonsa yana nan, ko ya bar shi ya dasa sabbi daga can ciki, inda gishiri bai kai ba.

Pandu ya daɗe yana ɗaure zare. Ya ce filin ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai ƙannensa mata, akwai 'ya'yansa da suke kiransa daga tsibirin Unguja kullum suna tambaya. Sannan ya ajiye komar.

"Ɗan'uwa, ba na son ka ji a bakin wani. Mutanen nan sun ce ba sa sayen fili mai rigima. Sai ranar da babu itacen kowa a kai za su dawo. Kai kana jiran su zo, ni ina jiran su faɗi. Duk ruwan da ka zuba, ni da kai ka ƙara wa zama."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin Miza ta tafi. Na kasa faɗa."

Ngwali bai yi faɗa ba. Ya tambayi lafiyar iyalin Pandu, ya ɗauki hularsa.

Ya aika aka kira masu yankan katako, suka zo da injinsu daga ƙauyen gaba. Suka ƙwanƙwasa kowane itace, suka ce rabi ƙwaro ya cinye cikinsu, sauran ma gishiri ya lalata. Abin da suka ba shi ya isa kuɗin jirgi zuwa, da ɗan sukari da zane na Miza. Bai tsaya kallon yankan ba, ya je ya zauna a masallaci har injin ya yi shiru.

Tun kafin ya gama ɗaure kaya maƙwabta suka fara leƙowa, suna gaisuwa suna duban gidan. Kowa ya san babu itace, babu gida. Wani ya roƙi azara, wata ta roƙi turmi. Tsohuwar nan ta bakin rijiya ta ce in ba zai tafi da ƙofar ba tana so, tata ta ruɓe. Shi da kansa ya cire mata, ya kai har gida. Pandu ya aiko da busasshen kifi a kai wa Miza, amma bai zo bakin jirgi ba.

Ya samu Miza da rai. Ta gane shi, ta tambaye shi wa ya bar wa gida, ya ce Pandu yana dubawa. Ta ƙara makonni kaɗan ta rasu, aka binne ta a Tanga cikin baƙi.

Ɗakin Mboje ɗaya ne, ga miji ga yara. Ngwali yana kwana a barandar wani shagon siminti yanzu, a matsayin mai gadi. Da rana yakan gangara tashar jirage ya nemi mutanen Kibandi ya ji labari. Sun ce ruwa ya hau filin, in teku ta cika har kututturan ba a gani. Pandu yana nan a kan dakalinsa. Masu otal ba su dawo ba.